Liatu da Maƙiyinta na Kamfanin Zakara

A kan wani dogon benci, a barandar ofishin Kamfanin Zakara da ke Funtua, Matta ya fara ganin Liatu.

Shekarar 1986 ce, damina tana ja da baya. Kamfanin, wanda sayen auduga da gurzarta ne aikinsa, ya yi shela yana neman jami'in saye mutum ɗaya, amma masu digirin da suka zo sun cika benci har wasu na tsaye. Duk maza ne, ban da ita. Doguwa ce, baƙa, sanye da atamfa mai ruwan ganye, ta rungume takardunta a ƙirji.

Matta ya matsa, ya takure kansa a ƙarshen benci.

“Malama, ga wuri.”

“Na gode. Amma ka sani, ni ba na zama kusa da abokin takara in yi shiru. Tambayoyi zan yi ta yi maka har ka manta abin da ka haddace.”

“Tun da kika shigo na manta,” in ji shi.

Ta harare shi, amma ta zauna.

Kafin a fara kira sun san juna. Ita 'yar Malumfashi ce, a Zariya ta karanta harkar gudanar da kasuwanci. Shi ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Musawa, abin da ta karanta shi ya karanta, a Kano. Duk sun gama bautar ƙasa, duk sun gaji da yawo.

“Banki sun ce sun rufe ɗaukar ma'aikata,” in ji ta. “Ma'aikatar ciniki sun ce in dawo in an ɗage takunkumi. Wani shugaban makaranta ya ce in zo in koya wa 'yan mata buga tafireta.”

“Ni kamfanin inshora ne suka ce in riƙa bi gida-gida ina tallar mutuwa. Kin taɓa ganin Bakatsinen da zai sayi wannan?”

Ta yi dariya har ta rufe baki da takardunta. Yana cikin kallonta masinja ya kira sunanta.

Manajan kamfanin, Alhaji Maiwada, bai ko taɓa takardunta ba. Bai kuma ce a rufe ƙofa ba, don haka duk wanda ke kan benci ya ji.

“'Yar wa ce ke?”

“'Yar Malam Shitu ce, na Malumfashi, ranka ya daɗe.”

“Shitu? Wanda yake kawo mana auduga a kan jaki?” Ya dubi mutum biyun da ke zaune tare da shi, suka yi murmushi. “Yarinya, jami'in saye a kan babur yake wuni, ƙauye-ƙauye, yana cacar baki da manoma. Ke kuwa gobe za ki yi aure, jibi ki ce mana ciki. Amma kada ki koma hannu wofi. Matar da take haɗa mana shayi ta tafi haihuwa. Da digiri ai shayin zai fi daɗi.”

Dariya ta tashi a ofis, wasu ma daga baranda suka taya.

Liatu ta miƙe, ta tattara takardunta a tsanake.

“Ranka ya daɗe, jakin babana shi ya kai ni jami'a. Kuma za ka sake jin sunana, ba a wannan ofishin ba.”

Ta fita ba ta dubi kowa ba. Sai da ta shiga motar Malumfashi hawaye ya zubo, kuma ba na baƙin ciki ba ne. Abin da ke ƙirjinta zafi ne, irin wanda ba ya hucewa da kuka.

Matta aka ɗauka.

Bai bari ta ji a bakin wani ba. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ya same ta a ƙofar gidansu, ya faɗa mata, kansa a ƙasa.

“Da ina da hali da na ƙi karɓa. Amma babana ya rasu, ƙannena suna makaranta.”

“Ka karɓa mana. Wa ya ce kada ka karɓa?” Ta dube shi sama da ƙasa. “Sai dai daga yau kai maƙiyina ne.”

“To maƙiyi yana iya dawowa Lahadi mai zuwa?”

“In ya zo da rake.”

Ya zo da rake. Lahadin da ta biyo ya zo da lemun zaƙi. Tun daga nan sunansa ya zama Maƙiyina, shi kuma yana kiranta Manajata. In aiki ya hana shi zuwa, sai ya ba direban motar Malumfashi 'yar takarda.

“Manajata, yau a Dandume na wuni. Manoma sun zage ni, babur ya mutu, rana ta gasa ni. Na tuna hararar da kika yi min a benci sai na ji sanyi. Maƙiyinki, Matta.”

Ita kuma ta mayar:

“Maƙiyina, ka sayi hular kwano, ka daina yawo da ciki babu komai. Ina son in kayar da kai da ƙarfinka, ba ina son yunwa ta riga ni ba. Liatu.”

Shi ya ɗauka wasa take yi. Ba wasa take yi ba.

A shekarar ce gwamnati ta rushe hukumar da ke sayen auduga, aka ce kowa yana iya saye ya sayar wa wanda ya ga dama. Liatu ta yi ta juya wannan labari a ranta. Ta san yadda Kamfanin Zakara yake yi wa manoma, don ta sha raka babanta tun tana ƙarama. Mutum ya kawo auduga tun safe a bar shi a rana, a yamutsa ta a ce mai datti ce, a ce ya dawo wani makon.

Ta tafi Funtua wajen Hajiya Adama, wata 'yar kasuwa mai motocin ɗaukar kaya, wadda mahaifiyar Liatu, Mairamu, ta daɗe tana sayar mata da daddawa.

Hajiya ta saurare ta har ƙarshe tana cin goro.

“'Yar nan, kasuwa kike so ko Maiwada kike so ki ga bayansa?”

“Duka biyu, Hajiya.”

“Madalla. Da kin ce min kasuwa kawai da na san ƙarya kike yi. Ni ma ya taɓa barin motocina a ƙofar kamfaninsa har tayoyi suka sace. Zan ba ki mota da jari, akwai kuma masu gurza a Zariya da za su karɓa. Amma ƙafarki ce za ta yi yawon.”

A gida kuwa wuta ta tashi. Malam Shitu dattijon coci ne, mutum mai gudun abin magana.

“Na sayar da shanuna na kai ki jami'a don ki tsaya a kasuwa da sikeli kamar mai awon hatsi? Ga Isaiah ya ce in kin amince zai yi miki hanya a bankinsu.”

Isaiah ɗan aminin Malam Shitu ne, ma'aikacin banki a Funtua, mai ƙaramar mota da kwat ko ana zafi. Ya daɗe yana son Liatu, kuma hanyar bankin da yake faɗa ba ta rabuwa da maganar aure.

“Baba, shekara biyu Isaiah yana cewa zai yi min hanya. Hanyar ta coci take bi.”

“To meye laifin haka? Ya fi wancan yaron da ke cin abinci a hannun mutumin da ya zage ni a gaban jama'a. Kada in sake ganinsa a ƙofar gidana.”

Da yamma Mairamu ta kira 'yarta kicin ta ce, “Matan zumuntar coci na ƙauyukan Bakori duk suna da 'yan gonakin auduga. Ki fara da su.”

Haka Liatu ta shirya. Ta zaɓi wani ƙauye a gabashin Bakori, ta sa rana. Mutum uku kawai suka san ranar: babanta, mamarta, da Matta, wanda ta faɗa wa a tashar mota tana dariya, ta ce ya shirya shan kaye.

Da ta isa ƙauyen da motar Hajiya, babu ko ƙulli ɗaya na auduga. Motocin Kamfanin Zakara sun zo jiya sun kwashe.

Ta dawo da mota fayau. A ƙofar gida ta tarar da Isaiah yana jiranta, fuskarsa cike da tausayi.

“Liatu, ban so in faɗa miki ba. Maiwada a bankinmu yake ajiya, da bakinsa ya ba ni labari. Zuwan da yaron nan yake yi wajenki aike ne. An ce ya riƙa jin inda kika dosa. Ranar da aka wulaƙanta ki ma, da ya shiga bayanki, shi ya ƙara da cewa mace ko keke ba ta iya riƙewa. Suka yi ta dariya.”

Liatu ta tsaya kamar an dasa ta. Ta tuna dariyarta a tashar mota, ta ji kunya ta rufe ta, kunyar kuma ta juye ta zama wani abu.

Washegari ta ba direba takarda.

“Matta, da wasa nake kiranka maƙiyi. Yanzu na san sunanka ne. Kada ka sake zuwa.”

Ya zo. Ta ƙi fita. Ya aiko da takardu, ta mayar ba ta buɗe ba. Ya tare ta a kasuwar Bakori yana cewa, “Manajata, ki faɗa min laifina mana,” ta ratsa ta gefensa kamar ba ta ga mutum ba.

Daga nan ta shiga aiki kamar mai yaƙi.

Ta koyi babur a filin makaranta, ta faɗi, gwiwarta ta fashe, ta sake hawa. Ba ta jira manoma su kawo mata ba, ita take bin su har ƙofar gida. Ta rataya sikeli a reshen bishiya, ta kira mai kaya ya duba da idonsa, ta sallame shi nan take. Matan zumunta suka kai labarinta ƙauye-ƙauye, matan Musulmi suka karɓa suka kai wa mazajensu. Da damina ta kusa ta raba iri, ta koma lokacin feshi ta duba gonaki.

Kuma ba ko'ina take zuwa ba. Tambaya take yi, “Ina ne jami'in Zakara yake saye?” Inda aka ce nan ne, nan za ta sauka. Ta ƙwace masa Bakori. Ta bi shi Dandume ta ƙwace. Da kaka ta biyu ta zo, Matta yakan isa ƙauye ya tarar manoma sun ɓoye auduga a ɗaki suna cewa, “Ta 'yar Shitu ce.”

Wata rana suka yi kiciɓis a wata siririyar hanya, ita motarta cike, shi tasa babu komai. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya kauce da babur ya ba ta hanya, ya ɗaga mata hannu. Ta kau da kai. Amma ranar ba ta iya cin tuwo ba.

“Kin samu abin da kike so?” Mairamu ta tambaye ta.

“Saura, Mama.”

“To me ya sa kike kallon bango?”

Ta ture kwanon ta tashi.

A tsakiyar kakar ne Alhaji Maiwada da kansa ya zo. Ranar kasuwar Bakori ce, Liatu na tsaye a rumfarta, buhunan auduga jibge a bayanta har sun fi rufin tsawo. Ya fito daga mota yana gyara babbar riga.

“Malama Liatu, sannu da aiki.”

“Ranka ya daɗe. Ashe ka riƙe sunan.”

Ya haɗiye wannan. Injinansa sun yi kwanaki ba su juya ba, masu kamfanin kuma sun fara aiko da tambaya daga Kaduna. Ya ce ta sayar masa, zai fi na Zariya saye. Ya ce abin da ya wuce ya wuce.

“Kai, in ma aikin kike so, ga shi nan. Kujerar saurayinki babu kowa a kai, na kore shi makon jiya.”

“Ba saurayina ba ne. Ɗan leƙen asirinka ne.”

Maiwada ya dube ta, sai ya fashe da dariyar takaici.

“Wa? Matta? Da yana kawo min labarinki ai da ban zo nan ina roƙo ba. Yaron da ranar farko ya dubi idona ya ce abin da na yi miki bai dace ba, wai kin fi shi cancanta? Don dai babu wanda ya kai shi a cikin sauran ne na ɗauke shi. Na yi ta matsa masa ya faɗa min inda za ki, ya ce shi saye aka ɗauke shi, ba gulma ba. Labarin ƙauyen nan na bara ma Isaiah na banki ne ya kawo min, ya ce a bakin babanki ya ji. Shi ne kuma ya ce min yaron yana sayar da ni a wajenki.”

Liatu ta dafa buhu. Hayaniyar kasuwa ta yi mata nisa.

“To, me kika ce? Za ki sayar?”

Ta ɗago.

“Ranka ya daɗe, da ka zo jiya, laifi ɗaya nake binka. Yau biyu ne. Ko zare ɗaya na audugar nan ba zai shiga injinka ba.” Ta juya ga masu lodi. “Ku ɗora. Zariya za ta.”

Ya tsaya a rana yana kallo har aka ɗaure igiya. Kafin kakar ta ƙare masu kamfanin suka sauke shi, suka kawo wani.

Saura Isaiah.

Ba ta ce wa kowa komai ba. Da babanta ya ce iyayen Isaiah suna son su zo tambaya, ta ce, “Su zo, Baba.” Malam Shitu ya yi murna har ya sa aka yanka zakaru.

Ranar Asabar suka zo, baffanninsa da wani dattijon coci, Isaiah a tsakiyarsu cikin farar shadda. Aka yi addu'a, aka gaisa, aka kira Liatu don a ji ta bakinta. Ta durƙusa a gefen tabarma.

“Iyayena, kafin in amsa ina da tambaya ɗaya ga Isaiah, in kun ba ni izini.”

“Yi mana, 'yarmu.”

“Isaiah, bara Baba ya faɗa maka ranar da zan je ƙauyen Bakori, don ya ɗauke ka ɗa. Wa ka kai wa maganar?”

Ya yi murmushin dole. “Liatu, wannan wace irin magana ce a gaban manya?”

“A gaban manya nake so. Alhaji Maiwada ya faɗa min a tsakiyar kasuwa, masu lodina suna ji, suna nan waje in ana so a kira su. Ka ɗauki maganar gidanmu ka kai masa. Ka dawo ka ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Ka koma ka sa aka kore shi daga aiki, yana da marayu a hannu. Ka ce ƙarya nake yi, ga dattijo, ga Littafi Mai Tsarki.”

Gumi ya jiƙa wuyan shaddar Isaiah.

“Don ina sonki ne,” ya ce a ƙarshe, da ƙyar.

Babban baffansa ya miƙe ya ɗauki sandarsa. “Malam Shitu, ka yafe mana. Ba mu san abin da muka rako ba.”

Bayan sun tafi Malam Shitu ya dubi 'yarsa.

“Da bakina aka cuce ki,” ya ce. “Kuma na kori yaron kirki daga ƙofata. Ina yake yanzu?”

“Ya koma ƙauyensu, Baba.”

“To me kike jira? Babur ɗin naki ya lalace ne?”

A bayan gidansu ta sami Matta, a ƙasar Musawa, yana gyaran danga. Ya ga tsayuwar babur, ya ga mai saukowa, ya ci gaba da ɗaurin karansa.

“Sannu, Matta.”

“Sannu, Malama. In auduga kike nema, ba mu noma ba bana.”

Kalmar Malama ta soke ta. Ta matso.

“Na san gaskiya. Maiwada ya faɗa. Isaiah ne.”

“Maiwada ya faɗa kika yarda. Isaiah ya faɗa kika yarda. Ni kaɗai ne ba a tambaya ba.” Ya ja igiya da ƙarfi har ta tsinke. “Kin san abin da ya fi min ciwo? Ba korar ba. Na tsaya a kasuwa ina roƙonki ki faɗa min laifina, kika wuce kamar kin ga kututture.”

“Na yi kuskure.”

“Kin bi ni Bakori, kin bi ni Dandume. Ƙanwata ta bar makaranta zangon nan.”

Liatu, wadda ba ta yi kuka a gaban Maiwada ba, ta durƙusa a cikin karan dawa ta fashe da kuka.

“Ka rama. Duk yadda kake so ka rama, na yarda. Amma kada ka sake kirana Malama.”

Ya bar ta ta yi kukan. Shi ma yana da nasa zafin, kuma bai yi saurin sakinsa ba. Ya ce ta koma gida zai yi tunani. Ta dawo mako na gaba, aka ce ya tafi kasuwa. Ta sake dawowa, mahaifiyarsa ta ba ta ruwa da fura ta ce, “Yi haƙuri, 'yata, irin zuciyar ubansa gare shi.” A zuwa na gaba ta tarar da shi zaune a gindin mangwaro, kamar mai jira.

“Kin iya babur yanzu,” ya ce.

“Don in kayar da kai na koya.”

“Kin kuwa kayar.” Ya matsa mata a kan tabarma. “Zauna, Manajata.”

Ta zauna, ta rufe fuska da gyale tana dariya da hawaye tare.

Ta ce ya zo su yi saye tare. Ya girgiza kai.

“Ba zan zama yaronki ba, kuma na gaji da zama yaron kowa. Zaman da na yi a kamfanin na lura da abu ɗaya. In an gurje auduga, anguryar nan jibge ta ake yi, ana sayar wa masu shanu da arha. Akwai mai a cikinta, dusar kuma abincin dabbobi ce. Na ga ƙaramin injin matsa a Kano. Ke ki sayo auduga, ni in karɓi anguryar.”

“Kai da nake zaton kana nan kana kukan rashina, ashe lissafi kake yi.”

“Ina yin duka biyun.”

Hajiya Adama ta sa hannu a maganar injin, aka kafa shi a wata rumfa a Malumfashi. Ƙanwar Matta ta koma makaranta. Malam Shitu kuwa bai jira a zo masa ba, shi ya hau mota har Musawa ya gaishe da mahaifiyar Matta, ya ce ƙofarsa a buɗe take.

An ɗaura auren bayan Ista, a cocinsu na Malumfashi. Matan zumunta suka zo daga ƙauyukan Bakori da tukwanen kiɗansu. Manoman Dandume suka cika mota guda. Hajiya Adama ta zauna a rumfar waje da jama'arta, ta ce ita ce uwar amarya ta biyu, kuma babu mai hana ta rabon goro.

Fasto ya yi wa'azi a kan gafara, ya daɗe a kai, yana yi yana duban amarya. Matta ya sunkuyo ya raɗa mata.

“Da ke ake.”

“Na ji. Isaiah na yafe masa, ya riga ya sha kunyarsa.”

“Maiwada fa?”

“Ina addu'a a kai. Ka ba ni kaka ɗaya tukuna.”

Ya danne dariya har kafaɗarsa na rawa, fasto ya dube su ta saman tabarau.

Da aka fito, Malam Shitu ya kama hannun 'yarsa ya sa a cikin na Matta.

“Ɗana, ga ta nan. Zuciya gare ta, ka riga ka ɗanɗana. In ta yi fushi da kai, ka tsare ta sai ta faɗi dalili. Ke kuma Liatu, ki riƙa tambaya kafin ki ɗaura yaƙi. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya albarkaci gidanku da sana'arku, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da uwarsu.”

Jama'a suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa. Liatu ta riƙe hannun mijinta gam, ba ta saki ba har suka shiga mota.